WhatsApp ya ƙi sabuntuwa, Play Store ya ce wayata ba ta dace ba: ina mafita?

Wata baiwar Allah mai sana'ar atamfa da leshi daga Gusau ta aiko da tambaya. Ta ce da WhatsApp take gudanar da kasuwancinta, a nan take ɗora kaya, a nan masu saye ke turo mata shaidar biyan kuɗi. Rana tsaka ya daina buɗewa, sai rubutu yake nuna mata cewa wa'adin wanda ke kan wayar ya ƙare, ta sabunta shi. Da ta shiga Play Store sai ya ce mata "Your device isn't compatible with this version". Ƙaninta ya turo mata nasa ta Xender, wayar ta ce "App not installed". Yanzu wani ya ce ta sa GB WhatsApp, wani kuma ya ce ta kai a yi wa wayar filashin, wato a share tsarinta a sake zuba shi. Tana tambaya: wanne za ta bi?

Hajiya, sannu da wannan damuwa, Allah Ya kawo mafita. Kada ki bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Kuma kafin mu je ko'ina, ina roƙonki abu guda: kada ki goge WhatsApp ɗin da ke kan wayar, ko da kuwa ba ya buɗewa, kada kuma ki bari wani ya danna masa "Clear data". Hirarrakinki da lissafin masu bashinki suna nan daram a cikin wayar, ƙofar ce kawai ta rufe. Matsalar rashin dacewa ba ta cinye saƙon kowa. Garin gyara ne ake yin asarar, idan aka samu mai gaggawa ya goge ya ce zai sake sakawa, sai sakawar ta gagara, a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Don haka aikin farko shi ne kwashe abin da ke ciki. WhatsApp yana ajiye kwafin hirarraki a cikin wayar da kansa kowane dare, wajen ƙarfe 2. Ki buɗe manhajar fayiloli ta wayar, wadda ake rubuta wa File Manager ko Files, ki nemi jakar da aka sa wa suna WhatsApp. A tsofaffin wayoyi tana nan a fili da zarar kin shiga ma'ajiyar ciki. A wayoyin da ke da Android 11 zuwa sama kuwa sai kin bi ta Android, sannan media, sannan com.whatsapp. A cikinta za ki ga Databases, inda fayilolin da sunansu ya fara da msgstore suke, su ne hirarrakin. Za ki kuma ga Media, inda hotuna da bidiyo da saƙonnin murya suke. Ki kwafi jakar gaba ɗayanta zuwa memori ko kwamfuta. Kwafa za ki yi, ba ɗaukewa ba, ki bar ta asali a inda take. Sannan ki tabbatar kin san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da kalmar sirrinsa, domin idan kin taɓa kunna ajiya a Google Drive, can ma akwai kwafi. Da yawa daga cikin mutanenmu a shago aka buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ba su taɓa rubuta kalmar sirrin ba, sai ranar irin wannan abin ke tashi. Idan haka ne gare ki, ki sauya kalmar sirrin yanzu tun wayar tana hannunki kuma layinki yana karɓar saƙo.

To, sai binciken ainihin ciwon. Wannan rubutu da Play Store ya nuna miki guda ɗaya ne, amma dalilan da ke jawo shi sun fi ɗaya, kuma maganinsu ya sha bamban. Wani ana gyara shi cikin minti goma ba tare da kashe ko sisi ba. Wani kuwa ba mai gyaran da zai iya masa komai, duk wanda ya karɓi kuɗinki a kansa ya ci haram. Abin da zai raba gardama lamba ce guda. Ki shiga Settings, ki gangara zuwa About phone, ki duba wurin da aka rubuta Android version.

Ga dalilin da ya sa lambar nan take da nauyi. Manhaja ba ita kaɗai take aiki ba. Idan WhatsApp zai buɗe kyamara, ko ya ɗauki murya, ko ya ɓoye saƙo ta yadda wani ba zai karanta a hanya ba, Android ɗin da ke ƙarƙashinsa yake nema ya yi masa. Google kuma kusan kowace shekara yana fitar da sabon Android mai sabbin hanyoyi: na 5 ya fito a 2014, na 6 a 2015, na 8 a 2017, na 10 a 2019, na 13 a 2022, haka dai. Masu haɗa manhaja ba za su iya riƙe duka tsofaffin hanyoyin har abada ba, musamman waɗanda aka gano ɓarakar tsaro a cikinsu aka daina toshewa. Shi ya sa kowace manhaja take ɗauke da wata lamba a cikinta da ke cewa: ƙasa da Android kaza ba na hawa. Play Store yana kwatanta lambar da ta wayarki, idan ba ki kai ba sai ya hana ki maɓallin saukewa. WhatsApp ya sha ɗaga wannan shinge. Ya bar wayoyin BlackBerry da tsofaffin Nokia, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019, sannan daga 24 ga Oktoban 2023 ya daina aiki a duk Android ɗin da ke ƙasa da 5.0. A ɓangaren iPhone kuma, a 2025 ya koma neman iOS 15.1 (iOS shi ne tsarin iPhone), abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus, domin su a iOS 12 suka tsaya. Shingen nan gaba yake yi, ba ya dawowa baya, saboda haka ki duba shafin taimako na WhatsApp ki ga inda yake a yau.

Idan lambar da kika gani 4 ce da ɗigo wani abu, magana ta ƙare, sai batun sauya waya, zan zo kansa. Amma kafin ki yanke ƙauna, ki shiga System update ko Software update a cikin Settings ɗin ki gani ko akwai sabuntawar da ke jiranki. Akwai masu korar sanarwar sabuntawa shekara da shekaru don tsoron cin data, alhali ita ce za ta ɗaga su zuwa lamba ta gaba. Ki sami Wi-Fi ko ki sayi data mai ɗan yawa, ki cika caji, ki bar ta ta gama. Sai dai kada na ɗora ki a kan fata marar tushe: ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi galibinsu da Android ɗin da suka fito da shi suke tsufa, ko a ƙara musu mataki ɗaya a bar su.

Idan kuwa lambar ta kai 7, 8, 9 ko sama, to wayarki ba ta tsufa da WhatsApp ba, wani abu ne daban ya shiga tsakani, kuma a nan ne ake samun nasara. Fara da shi Play Store ɗin kansa, don yakan riƙe tsohon bayani game da waya ya yi ta hukunci da shi. A Settings ki shiga Apps, ki nemo Google Play Store, ki shiga Storage, ki danna "Clear cache" sannan "Clear data". Ki lura da kyau, a kan Play Store na ce, ba a kan WhatsApp ba. A Play Store wannan ba ya ɓatar da komai, a WhatsApp kuwa shi ne zai share hirarrakin ya fitar da ke daga asusunki. Ki kashe wayar ki kunna, ki sake gwadawa.

Daga nan ki duba kwanan wata da agogon wayar. Ƙaramin abu ne amma yana hana ruwa gudu. Duk wata hulɗa tsakanin wayarki da Google ko WhatsApp tana tafiya ne da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan batirin waya ya mutu murus, ko aka cire shi aka mayar, agogon yakan koma wata tsohuwar shekara, sai wayar ta ɗauka takardun ba su fara aiki ba, ta ƙi yarda da su. Ki kunna "Automatic date and time". Na san akwai masu koya wa mutane su mayar da kwanan wata baya da gangan wai don a yaudari WhatsApp ya manta wa'adinsa ya ƙare. Wannan dabarar tana lalata Play Store da burauza da manhajar banki a lokaci guda, kuma shi WhatsApp ɗin yakan gane ya ce kwanan watan wayarki ba daidai ba ne.

Sai wurin ajiya. Sabunta manhaja yana buƙatar fili fiye da girman da Play Store ya rubuta, domin sai an sauke, an warware, an girka, kafin a share tsohuwar. Mai sana'a irin taki, wadda kullum hotunan kaya da bidiyo ke shigo mata daga diloli, wayarta mai 16GB ko 32GB ba ta daɗewa take cikewa. Ki samar da fili na akalla 1GB, in da hali 2GB. Tunda kin riga kin kwafi jakar Media zuwa waje, za ki iya share tsofaffin bidiyon da ke ciki da kwanciyar hankali, musamman jakar Sent, inda kwafin duk abin da kika taɓa turawa yake taruwa ba tare da ya bayyana a cikin hotunanki ba.

Akwai kuma batun shaidar Google. Ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki a sama, ki shiga Settings, sannan About, ki duba ƙasa inda aka rubuta Play Protect certification. Ko dai ya ce "Device is certified", ko ya ce "Device is not certified". Idan na biyun ne, to Google bai san da wayar nan a matsayin wadda ta bi ƙa'idarsa ba, kuma manhajoji da dama za su ɓuya mata ko su ce ba ta dace ba. Wannan yana faruwa da wayoyin jabu, da waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin aka cusa musu Play Store daga baya, da waɗanda aka taɓa yi wa filashin da tsarin da ba nasu ba. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a watan Mayun 2019, irin su Mate 30 da P40 da Y7p, su ma ba su zo da manhajojin Google ba tun daga masana'anta, don haka masu su ta wata hanya suke samun WhatsApp, kuma ba su da ajiyar Google Drive.

Yanzu bari na tsaya a kan abin da ƙaninki ya turo ta Xender, don wannan kusan kowa yana faɗa masa, kuma mutane ba su san dalilin ba. A da, manhaja fayil guda ce mai suna APK, wadda ke ɗauke da duk abin da kowace irin waya za ta buƙata. Ka tura wa ɗan'uwanka, ta hau. Daga baya Google ya fito da wani tsari da ake kira App Bundle, kuma tun watan Agustan 2021 ya wajabta shi a kan sabbin manhajojin da ke shiga Play Store. A wannan tsarin, mai manhaja yana kai wa Google dunƙulen abu ne, shi kuma Play Store yana yanka wa kowace waya daidai jikinta, kamar yadda tela ke karɓar turmin atamfa ya ɗinka wa kowace mace gwargwadon awonta. Abin da ke kan wayar ƙaninki ɗinkinsa ne, kuma ba ma guda ɗaya ba ne, guntu-guntu ne: uwar manhajar daban, ɓangaren da ya dace da injin wayarsa daban, na girman fuskar wayarsa daban. Idan uwar kaɗai ta iso gare ki, ko guntayen suka iso amma na wani injin ne, sai wayarki ta ƙi karɓa, ko ta karɓa amma da kin buɗe ta rufe.

Batun injin nan ma yana da muhimmanci. Wayoyin Android kala biyu ne ta wannan fuska, masu tsarin 32-bit da masu 64-bit. Manhajar da aka haɗa don 64-bit kaɗai ba za ta taɓa tashi a kan 32-bit ba. Abin da ke rikita har wasu masu gyara shi ne, ƙananan wayoyi da yawa, musamman masu Android Go da Google ya fitar a ƙarshen 2017 don wayoyi masu ƙaramin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta waya, injinsu yana iya 64-bit amma tsarin da aka ɗora musu 32-bit ne, don ya fi sauƙi a kan ƙwaƙwalwa. Mutum ya duba sunan injin a intanet ya ga 64, ya sauko da fayil mai alamar arm64-v8a, ya ƙi hawa, ya rasa dalili, alhali mai alamar armeabi-v7a ne na wayarsa. Juyin wannan ma yana faruwa yanzu: Pixel 7 na kamfanin Google da ya fito a 2022 ba ya karɓar manhajojin 32-bit sam, kuma Android 14 yana ƙin girka manhajar da aka haɗa ta don abin da ya gaza Android 6. Wato sabuwar waya ma tana iya ƙin tsohuwar manhajar da mutum ya saba da ita, misali wata tsohuwar manhajar littattafai ko ta lissafin shago da mai ita ya daina kula da ita.

Akwai ƙarin dalilai biyu na "App not installed". Android ba ya yarda a ɗora tsohon zubi a kan sabo. Kuma kowace manhaja tana da sa hannun kamfanin da ya yi ta. Idan wadda ke kan waya da wadda ake son ɗorawa suna ɗaya ne amma sa hannun ya bambanta, wayar za ta ƙi. Idan na ƙaninki WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima ne, to ƙin da wayarki ta yi ma alheri ne gare ki.

Hanyar da ta halatta idan Play Store ya ci gaba da taurin kai alhali Android ɗinki ya kai, ita ce shafin kamfanin da kansa. Ki buɗe Chrome ki rubuta whatsapp.com/android da hannunki, kada ki bi wani mahaɗi da aka turo miki a rukuni. Fayil ɗin da ke can cikakke ne guda ɗaya, da sa hannun WhatsApp na gaskiya. Wayar za ta nemi izinin girkawa daga Chrome, ki ba ta, bayan kin gama ki koma ki janye izinin. Idan komai ya dace, zai hau a kan tsohon a matsayin sabuntawa, ba zai taɓa hirarrakinki ba. Idan shi ma ya ƙi da rubutun "There was a problem parsing the package", galibi ɗaya daga abu biyu ne: ko saukewar ba ta kammala ba saboda yankewar sabis, ko kuma Android ɗin ya gaza abin da ake nema.

A nan wani zai ce, to ni wayata ta rubuta Android 12 amma ana ce min ba ta dace ba. Wannan ina ganinsa a wayoyin jabu, waɗanda aka kwaikwayi jikin manyan wayoyi aka sayar da araha. Rubutun da ke cikin About phone ana iya sauya shi, amma akwai wata lamba ta ciki da manhajoji ke dubawa, ana kiranta API level, wadda ba kasafai ake iya ɓoye ta ba. Manhajoji irin su CPU-Z da AIDA64 suna nuna ta. Android 5.0 lambarsa 21, na 6 lambarsa 23, na 8.1 lambarsa 27, na 10 lambarsa 29, na 12 lambarsa 31, na 13 lambarsa 33. Idan fuskar waya ta ce 12 amma API ya nuna 23, to Android 6 ne aka yi wa fenti. Abin yana min ciwo, don mafi yawan waɗanda ake yi wa wannan cutar mutane ne da suka daɗe suna tara kuɗin, kuma ba su da mai duba musu.

Game da GB WhatsApp da 'yan'uwansa, matsayina a fili yake. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba. Wasu mutane ne da ba a san ko su wane ne ba suka farke manhajar asali suka yi mata ƙari, ke kuma za ki miƙa musu lambobin abokan cinikinki, hotunan rasit, da izinin shiga ma'ajiyar wayar da manhajar bankinki take kai. WhatsApp ya bayyana ƙarara cewa amfani da su saɓa wa ƙa'idarsa ne, yana dakatar da lambobin da ya kama, wani lokaci na ɗan lokaci, wani lokaci dindindin. Ga ɗan makaranta, rasa lamba ɓacin rai ne na kwana biyu. Ga ke, lambar nan ita ce shagon. Kuma ko an bar batun haɗari, ba ya ma warware matsalar: a kan WhatsApp na asali ake gina shi, don haka idan Android ya tsufa wa na asali, shi ma ba zai daɗe ba. Haka nan duk wanda ya ce miki ga "WhatsApp Lite", ki guje shi. Facebook yana da Lite na gaskiya, wato zubi marar nauyi, tun 2015, TikTok ma yana da shi, amma WhatsApp bai fitar da irin wannan ba. WhatsApp Business na gaskiya ne, ya fito a farkon 2018, kuma zai yi wa sana'arki amfani don yana da wurin jera kaya da farashi, amma shingen Android ɗinsu ɗaya ne.

Filashin kuma, ki san abin da ake nufi da shi: a share tsarin wayar gaba ɗaya a sake zuba shi. Abin da za a zuba ɗin, a mafi yawan lokuta, shi ne dai Android ɗin da ta zo da shi. Wayar da ke kan 4.4 za ta dawo 4.4, sai dai ta dawo wayam, babu hira, babu hoto, babu lambobin da ba a ajiye a Gmail ba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Filashin yana da ranarsa, idan waya ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi ƙarasa tashi, ko ƙwayar cuta ta shige cikin tsarinta. Taki ba ta cikin waɗannan. Akwai masu ɗora tsarin da ba na kamfani ba, irin su LineageOS, don ɗaga tsohuwar waya zuwa sabon Android. Yana yiwuwa a wasu sanannun wayoyi, amma ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu ba kasafai ake samun nasu ba. Aikin yana share komai, WhatsApp ya ce ba ya ɗaukar alhakin irin waɗannan wayoyin, kuma manhajojin banki da yawa suna ƙin buɗewa da zarar sun ji an taɓa tushen waya. Ban ba mai kasuwanci wannan shawarar ba.

Ga masu karatu da tasu matsalar ta ɗan bambanta, wato manhaja ta hau amma tana rufe kanta, akwai wani ɓangare na waya da ya kamata a sani, sunansa Android System WebView. Shi ne ke nuna shafukan intanet a cikin wasu manhajoji. A watan Maris na 2021 wata sabuntawarsa ta zo da matsala, Gmail da manhajoji masu yawa suka riƙa rufewa a duk duniya, mutane suka yi ta ɗauka wayoyinsu ne suka lalace, alhali sabunta WebView da Chrome daga Play Store ne kawai maganin. Har yau, idan manhajar banki ta nuna farin shafi ko ta fita da kanta, nan nake fara dubawa. Sai kuma Developer options, saitin masu haɗa manhaja da ke cikin Settings, wanda yara kan kunna garin wasa da waya. Wasu manhajojin kuɗi ba sa buɗewa sai an kashe shi. Idan kuma ƙorafin shi ne saƙo ba ya shigowa sai an buɗe manhajar, wannan aikin masu tattalin batir ne da ke kashe manhajoji a bayan fage. A shiga saitin batir a cire WhatsApp daga cikin waɗanda ake takura wa, a kunna masa Auto-start idan wayar tana da shi, a kuma tabbatar an ba shi izinin sanarwa, don tun daga Android 13 sai an ba da wannan izinin da hannu.

Mu dawo kanki, Hajiya. Idan bincike ya nuna wayar ce ta tsufa, kada ki ɓata kuɗi a wajen gyara. Ko da Android 5 ko 6 gare ki kuma WhatsApp ya yarda ya hau yau, ki fara shiri, domin Google ya daina sabunta Play services na Android 4.4 a 2023, na Android 5 kuma a 2024, kuma manhajojin banki sukan riga WhatsApp ɗaga shingensu. Wajen sayen wata, sabuwa ko ta hannu, kada girman kyamara da kyan jiki su ɗauke miki hankali. Ki nemi mai Android 13 ko sama, ma'ajiya akalla 64GB, in da hali 128GB saboda hotunan kaya. Ki kula da rubutun RAM da ke jikin kwali: idan aka rubuta 4+4, to 4 ne na gaskiya, ɗayan aro ne daga ma'ajiya kuma bai kai na gaskiyar sauri ba. Ki tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabuntawa. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu tun daga Pixel 8 da Galaxy S24, kuma wasu masu matsakaicin kuɗi ma yanzu ana ba su shekaru da dama, don haka tambaya ce da mai shago ya kamata ya iya amsawa. Idan ta hannu ce, ko a Farm Centre ta Kano ne ko a kasuwar garinku, ki zauna a wurin ki buɗe Play Store ki ga "Device is certified" da idonki, ki sauke manhajar bankinki ki ga ta buɗe, kafin kuɗi su bar hannunki.

Wajen ƙaura, layinki shi ne mabuɗi. Fayilolin msgstore a kulle suke, ba sa buɗewa sai da lambar da aka yi su da ita, saboda haka ki tabbatar layin yana aiki, an haɗa shi da NIN, kuma yana karɓar saƙon tes, don ta nan lambobi 6 na tabbatarwa za su zo. Ki sa Gmail ɗinki na da a sabuwar wayar tun kafin ki buɗe WhatsApp. Bayan kin tabbatar da lamba zai nemi ajiyar Google Drive ya tambaye ki ko ya dawo da ita. Ki danna Restore a wannan lokacin, domin idan kika tsallake ba zai sake tambaya ba sai an goge shi an fara daga farko. Idan babu ajiya a Drive, sai a sa jakar da kika kwafa cikin sabuwar wayar, a Android, media, com.whatsapp, kafin a tabbatar da lambar. Wannan ki nemi wanda ya iya ya zauna da ke ku yi tare, kina kallo. Lambobi 6 ɗin nan kada ki karanta wa kowa su ta waya, ko ya ce daga kamfani yake. Da zarar hirarrakin sun dawo, ki shiga Settings na WhatsApp, Account, ki kunna Two-step verification ki sa lambar sirri da ke kaɗai kika sani, sannan ki shiga Chats ki saita ajiyar Google Drive ta riƙa yin kanta kowane mako ba tare da bidiyo ba, don kada ta cinye 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Tsohuwar wayar kuma kada ki sayar ko ki ba yara ita sai kin buɗe hirar manyan abokan cinikinki ɗaya bayan ɗaya a sabuwar kin ga lissafinsu ya cika.